Kirsimeti a Kuala Lumpur da yara uku: mu je ko mu haƙura?

Maman Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zama a Malesiya. Maigidana yana karatun digiri na uku a jami'ar UPM da ke Serdang, kusa da Kuala Lumpur, bana shekararsa ta uku ke nan. Kirsimeti biyu muka yi ba ya nan. Mun sa rai bana zai zo, sai rubutun bincikensa ya kai inda ba zai iya ɗagawa ba. Shi ne ya ce to mu mu je. Ni da yara uku: Rifkatu mai shekara 12, Ishaya mai 8, sai auta Dauda mai 4, wanda a waya kawai ya san babansa. Ya ce in Mama, mahaifiyarsa, za ta iya, a taho da ita.

Kuɗin jirgi zai cinye abin da muka tara, har da adashena. Amma ba kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yin Kirsimeti a wajen Kaduna ba. An ce ƙasar Musulmi ce. Ana hutu ranar kuwa? Akwai coci kusa? Me yara za su ci? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, kada a ɓoye mini komai.

Ɗan Gombak:
Maman Rifkatu, sannu da ƙoƙari. Ni Musulmi ne, na yi shekara huɗu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, don haka zancen coci zan bar wa masu shi. Abin da idona ya gani zan faɗa miki. Ranar 25 ga Disamba hutun gwamnati ce a duk faɗin ƙasar, kamar Sallah, kamar sabuwar shekarar 'yan China. Kiristoci sun kai kusan kashi 9 cikin 100 na jama'a, sai dai mafi yawansu suna Sabah da Sarawak, can tsibirin Borneo. Ado kuwa ba a magana. Tun Nuwamba manyan kantuna irin Pavilion da ke Bukit Bintang da Suria KLCC suke kafa bishiyar Kirsimeti, sai kin ɗaga kai za ki ga ƙarshenta, ga mata da lulluɓinsu suna ɗaukar hoto a gindinta da 'ya'yansu.

Sai dai ki cire hunturu daga ranki. Babu hazo, babu sanyin asuba, babu tsagewar leɓe. Zafi ne mai gumi, ka fito daga wanka kana zufa, da la'asar kuma hadari ya haɗu a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. A tsakiyar Disamban 2021 an yi ambaliyar da ta shanye unguwanni a Shah Alam, mutane suka kwana a kan rufin gidaje. Ba kowace shekara ake haka ba, amma ku riƙa fita da safe, kowa da lemarsa.

Takardu ki fara tun yanzu. Biza, da katin rigakafin shawara na kowa har auta, ba sa wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya. Akwai kuma fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komai: kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan cocinku ne, sai an buɗe shi a gabanki. Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa.

Kawu Bitrus:
'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ban goyi bayan tafiyar nan ba. Kirsimeti gida ake komawa, ba barin gida ake yi ba. Mu da muka yi aiki a Legas shekara da shekaru, ko da tsaye ne a mota sai mun dawo ranar 23. Ki dubi Mama. Daga Abuja zuwa Doha kusan awa bakwai ne, daga Doha zuwa can ma haka, ga zaman jira a tsakani. Kwana guda cur a hanya ga tsohuwar da ƙafa ke damunta. Ku je ku yi me? Ku kalli bishiyar roba a kanti? Ga Janairu na tafe da kuɗin makaranta, yara uku. In ya gama rubutun ya zo Ista, a yanka akuya, kowa ya gan shi. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Saratu 'Yar Jos:
Kawu ya yi gaskiya ta wani gefe, amma in dai har za a kashe kuɗin nan, ni da Manila zan ce. Can ne Kirsimeti yake da ransa. 'Yan Filifin tun watan Satumba suke fara waƙoƙin Kirsimeti. Daga 16 zuwa 24 ga Disamba kuma suna da sujadar asuba ta kwana tara a jere, Simbang Gabi suke kiranta, coci ya cika tun duhu bai yaye ba, a fito a tarar da masu sayar da wainar shinkafa a ƙofa. Ko'ina fitilun tauraro da suke kira parol. Na yi kwas na wata uku a can, har yau ban manta ba.

Ladi Narayi:
Anti Saratu, ai mijinta a Serdang yake, ba Manila ba. Kusan awa huɗu ne a jirgi tsakaninsu, ga wata bizar, ga wani tikitin. Ba Kirsimeti ta rasa ba, muna da shi a Kaduna har ya yi yawa. Uban 'ya'yanta ta rasa. Kawu, da girmanka, yaro ɗan shekara huɗu da bai san ƙamshin babansa ba, wannan ba abin da za a ce a jira Ista ba ne. In Ista ta zo aka ce sai an gama kare digiri fa?

Kawu Bitrus:
Ladi, ban ce yaro ba ya bukatar ubansa ba. Cewa na yi a auna. Na ga gidajen da bashin tafiya ɗaya ya hana su barci shekara biyu.

Anti Hannatu Seri Kembangan:
Maman Rifkatu, 'yar'uwata, ni 'yar Kaltungo ce, shekarata shida a nan, kuma unguwarmu tana maƙwabtaka da Serdang. Bari in ɗan tsawaita.

Coci akwai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. In ku 'yan Angilikan ne ga St Mary's a gefen Dataran Merdeka, filin da aka ɗaga tutar 'yancin kai a 1957, tsohon gini ne tun 1894. 'Yan Katolika suna da St John's a Bukit Nanas. Mu kuwa namu a saman shago yake, hawa na biyu, ƙasanmu mai gyaran babur ne. Haka yawancin ƙananan ikilisiyoyi suke a nan, har da na 'yan Afirka. Maigidanki ya san inda yake zuwa, ki bi shi kawai.

Ba zan ɓoye miki ba, Kirsimetina na farko a nan kuka na sha. Mun dawo daga sujada, na shiga lif da ankona, kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na buɗe ƙofa, gida tsit. Babu yaran unguwa da sababbin kaya suna yawon barka, babu ƙamshin cincin daga gidan kowa, babu ganga, babu zumuntar mata. Da yamma muka je kanti, ga fitilu ga kiɗa, amma ji nake kamar bikin wasu na je kallo.

Shekara ta biyu na ce ba zan sake ba. Ranar 24 da asuba na je Pasar Borong, babbar kasuwar sari da ke nan Seri Kembangan, na sayo kaji shida a wajen Musulmi, da tattasai da albasa da tumatir. Na dafa shinkafa dafa-duka a babbar tukunya, na soya cincin, na haɗa zoɓo da wanda na zo da shi daga gida. Na jera kwanuka kamar yadda mahaifiyata take yi, na bi ƙofa ƙofa a hawanmu. Ƙofa ta uku wata dattijuwa Bamalayiya ce, a nan Makcik ake ce wa irinsu, kamar mu ce Inna. Ta leƙo, ta dubi kwanon, ta dube ni, ba ta miƙa hannu ba. Na gane abin da ke ranta. Na ce mata a wajen Musulmi na sayi kajin, tukunyata ba ta taɓa ganin naman alade ba, kuma a garinmu in za mu yanka dabbar Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka, don kowa ya ci. Ta ce, "Haka kuke yi a Afirka?" Na ce haka na taso na gani. Ta karɓa da hannu biyu. Washegari jikarta ta ƙwanƙwasa, ga kwanona cike da rendang, naman da suke dafawa da madarar kwakwa har ya tsotse. Tun daga ranar, duk Sallah sai an kira mu. Suna da al'adar da suke kira rumah terbuka, wato buɗaɗɗen gida, ranar biki duk wanda ya zo ya ci.

Don haka shawarata, kada ku sauka a otal. Maigida ya nemo gida mai kicin na mako biyu ko uku. Ya nema da kansa, ya je a gan shi ido da ido kafin ya biya, don akwai masu gidajen da in sun ga baƙar fata sai su ce an riga an kama. Ya faru da mu sau biyu, na biyun har mun ajiye kuɗi aka dawo mana da su. Ba duka ne haka ba, amma gara ki sani.

Istifanus Wusasa:
Anti Hannatu, ni abin da nake son ji: gaskiya ne a can an hana Kirista ya ce Allah? In haka ne, yaya Maman Rifkatu za ta yi addu'a da Hausa? Ƙasar da za ta hana ni kiran sunan Mahaliccina ba zan kai mata kuɗina ba.

Ɗan Gombak:
Malam Istifanus, maganar tana da tushe amma ba haka take kai tsaye ba. Rigimar a kan rubutu ce da harshen Malay. Jaridar Katolika mai suna Herald ta kai gwamnati kotu, babbar kotu ta ba ta gaskiya a ƙarshen 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2014. Sai kuma a 2021 wata Kirista 'yar Sarawak, Jill Ireland, wadda aka ƙwace mata fayafayan addini a filin jirgi, ta yi nasara, kotu ta ce umarnin gwamnati na 1986 da ya hana amfani da kalmar ya saɓa doka. A 2023 gwamnati ta janye ɗaukaka ƙararta. Kiristocin Sabah da Sarawak sun daɗe suna cewa Allah a sujadarsu. Babu wanda zai tsaya a ƙofar ɗakinta yana sauraron addu'arta. Abin da doka ta hana a yawancin jihohi shi ne yi wa Musulmi wa'azin wani addini, don haka kada a raba takardun bishara a titi.

Istifanus Wusasa:
To ai ka ga ni. Hani hani ne, ko a rubuce ko a baki.

Baba Katikis:
Istifanus ɗana, sassauta. Ni abin ya ba ni mamaki ne fiye da haushi. A nan gida tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Allah muke karantawa, kuma garinku Wusasa yana da hannu a aikin. Kakanninmu da maƙwabtansu Musulmi duk "Allah ya kiyaye" suke yi wa juna, ba wanda ya ce nasa ne shi kaɗai. Kowace ƙasa da ciwon da take jinya, mu ma muna da namu, kuma namu ya ci rayuka. Maman Rifkatu baƙuwa za ta je, ta girmama dokar masu gida, ta yi addu'arta da harshen da ta sha a nono. Ki tafi da littafin waƙoƙinki na Hausa, 'yata.

Malam Sani Tudun Wada:
Ni maganar Anti Hannatu ce ta taɓa ni. Kafin rikicin 2000 muna zaune gida ɗaya da wata Maman Yohanna, duk Kirsimeti mahaifina ne yake yanka musu rago, mu yara muna riƙe ƙafa, da azahar kwanuka su fara shigowa. Da Sallah mu kai musu. Bayan rikicin suka koma ƙetaren gada, mu muka tsaya a nan. Har yau in 25 ga wata ta yi sai mahaifiyata ta ambace ta. Maman Rifkatu, in kin tafi, kada ki bari kwanukan maƙwabtanki na Kaduna su tashi babu komai bana. Ki bar wa wani amana.

Ladi Narayi:
Amin Malam Sani, Allah ya dawo mana da wancan zaman. Anti Hannatu, manja fa? Ta ɗauka ko akwai? Ai an ce daga wajenmu suka kwashi irin kwakwar.

Anti Hannatu Seri Kembangan:
Bishiyar asalinta Afirka ta Yamma ce, wannan gaskiya ne, amma gonarsu ta kasuwanci ta farko tun 1917 aka kafa ta a Tennamaram, nan jihar Selangor, kafin a haifi kakannin masu wannan zancen. Daga filin jirgi za ki ga gonakin har iya ganinki. Sai dai nasu tacewa suke yi ya zama fari, jan manja sai a shagunan 'yan Afirka, da tsada. Ki zo da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, a ɗaure da kyau, in an tambaye ki ki nuna. Kilishi da duk wani nama ki bar shi a gida.

Abincin yara kada ya dame ki. Shinkafa ce safe da dare. Akwai shagunan mamak na Musulmi 'yan asalin Indiya, wasu ba sa rufewa, roti canai da shayin madara da suke kira teh tarik, yara suna so. Satay kuwa tsire ne sak, a tsinke, a kan gawayi, sai dai gyaɗar miya suke yi da ita mai zaƙi maimakon ƙuli. Maigidana da nasa yajin yake zuwa a aljihu.

Ɗan Gombak:
Wuraren kai yara: Tagwayen benen Petronas, hawa 88, kusan mita 452, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 har 2004. A sayi tikitin hawa tun da wuri ta intanet, lokacin hutu yana ƙarewa. Ko ba ku hau ba, a bayansu akwai lambu da wurin wasa da ɗan tafkin da yara ke shiga kyauta, a tafi da kayan canji. Batu Caves wurin bautar Hindu ne, matakala 272, kada Mama ta hau, kuma kada yaro ya riƙe leda ko abinci a hannu, birai fizgewa suke yi. Ku sa Grab, manhajar kiran mota, a waya, ya fi tasi sauƙi. Ki riƙe hannun Dauda wajen tsallaka titi, ta hagu suke tuƙi, ido yakan duba inda ba nan motar take ba. Da maganin sauro, saboda zazzaɓin dengi.

Anti Hannatu Seri Kembangan:
In kuna da kwana ɗaya rara ku je Melaka, awa biyu ne a bas daga tashar TBS. Akwai unguwar jikokin Turawan Fotugal da suka ci garin a 1511, Katolika ne, kowane gida sai ya yi ado da fitilu har kan rufi, mutane suna zaune a ƙofar gida suna gaisawa da masu wucewa. A duk ƙasar nan can ne ya fi kama mini da gida.

Maman Rifkatu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Mama duka jiya da dare, har maganar Kawu. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba za ta je ba. Ba don jirgi ba, wai shekara arba'in da ɗoriya ba ta taɓa fashin aika wa gidan Alhaji na bayanmu abinci ba, ba za ta fara bana ba. Ta ce mu je mu kai wa ɗanta yaransa. Kuɗin tikitinta mun ware shi na makaranta, Kawu, ka ga an auna. Ƙanwata za ta zo ta zauna da ita. Gobe za mu je rigakafi.

Kawu Bitrus:
To madalla. Tunda Mama ta sa albarka, bakina ya mutu. Allah ya kai ku lafiya. Ki gaishe shi, ki ce Kawu ya ce ya gama ya dawo.

Maman Rifkatu:
Barkanmu da Kirsimeti 'yan'uwa, yau 26 ga wata, na ce sai na dawo na ba ku labari. Mun sauka ranar 19. A filin jirgi Rifkatu da Ishaya suka ruga suka ƙanƙame babansu, Dauda kuwa ya ɓuya a bayan zanena, ya ƙi ko kallonsa. Baban ya durƙusa a ƙasa, ya ciro waya, ya kira tawa ta bidiyo alhali muna tsaye wuri ɗaya. Dauda ya dubi fuskar a waya, ya ɗaga kai ya dubi mutumin, ya sake duban waya. Sai ya ce, "Baba, ka fito?" Ban iya riƙe hawaye ba. A jirgin ƙasan da ya kai mu cikin gari a cinyarsa ya yi barci.

Jiya mun yi sujada a saman shago, mu wajen sittin, da 'yan Ghana da Kenya da Indonesiya. Aka ce kowace ƙasa ta yi waƙa ɗaya, muka tashi mu bakwai da Anti Hannatu muka yi da Hausa, Ishaya yana buga kujera a madadin ganga. Mun dawo ruwa ya kama mu, ankonmu ya jiƙe sharkaf. Ƙarfe biyar na yamma a nan, ƙarfe goma na safe ke nan a Kaduna, ƙanwata ta kira daga coci muka ga Mama a layin zumuntar mata. Daga baya ta turo hoton kwanuka tara a jere a tsakar gida.

Ni ma na fitar da biyar a hawanmu. Ƙofa ɗaya ba a buɗe ba, ɗaya aka ce an gode ba a karɓa ba, uku sun karɓa. Yanzun nan wani yaro ɗan China ya dawo da kwano ɗaya da lemo guda huɗu a ciki. Anti Hannatu, bas ɗin Melaka na ƙarfe nawa ya fi dacewa da yara, kuma a sayi tikitin dawowa tun daga nan?

Anti Hannatu Seri Kembangan:
Ku hau na bayan azahar, fitilun sai magariba ake kunnawa. Ki sayi na dawowa tun yau, na dare yana cika. Ki ajiye mini cincin, gobe zan biyo da yara.